Me ya sa LLVM ba ya son std::string ko'ina?

Malam, ka ce a wurin aikinku na Yaba an mayar maka da aikinka na LLVM (tarin kayan gina kwamfaila) saboda ka cika shi da std::string da std::vector (ma'ajin rubutu da ma'ajin jerin abubuwa na harshen C++), kana tambaya ko tsananin masu dubawa ne kawai. A'a, suna da hujja.

Kwamfaila, wato manhajar da ke fassara abin da mai shirya manhaja ya rubuta zuwa harshen na'ura, tana juya dubban sunaye, kuma duk kwafin std::string mai ɗan tsawo sai ya nemi sabon wuri a ƙwaƙwalwa. A libstdc++ (tarin kayan C++ na GNU), haruffa 15 kaɗai std::string yake ɗauka a jikinsa. StringRef na LLVM kuwa manuni ne (adireshin rubutu a ƙwaƙwalwa) da tsawo, shi ke nan, bai mallaki komai ba. Nan hatsarinsa yake: in asalin rubutun ya gushe, ka zauna riƙe da adireshin gidan da aka rushe. Karɓe shi a matsayin abin da ake miƙa wa function, amma kada ka adana shi sai ka tabbata asalin zai daɗe.

SmallVector<T, 4> na LLVM, madadin std::vector, yana riƙe abu huɗu a jikinsa kafin ya nemi ƙarin wuri. Babbar lamba a gurbin 4 ɗin ɓarnar wuri ce. DenseMap na LLVM yakan fi std::map (ma'ajin da ake neman abu ta mabuɗinsa) saurin nema, sai dai saka sabon abu na iya lalata manunan da kake riƙe da su.