Wane makullin ruwa za mu sa a gindin tanki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka man da shawara. Satin da ya wuce fayif ɗin bayi ya fashe muna cikin dare, munka ruga gindin tanki mu kulle ruwa amma makullin nan mai kai kamar sitiyari ya ƙi juyawa sam, yaro ya sa filaya ya murɗa sai kan ya fito a hannu nai, muna kallo tanki guda ya tsiyaye tas. Wane iri ya kamata mu saya yanzu? Daga wata uwar gida, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Wannan da ya ba ku kunya shi masu gyaran famfo ke kira get bawul. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe kamar ƙyaure da ke sauka ya tare ruwa, to in ya shekara ba a taɓa shi ba yashi da dattin ruwan burtsatse sai su taru a wurin ya cije, ko ya rufe amma yana ɗiga. Ni dai na daina ba mutane shawarar sa shi a gida.

Ki ce a ba ki bol bawul, mai dogon hannu. Turawa ɗaya ce kawai, in hannun ya bi tsawon fayif a buɗe yake, in ya gitta a rufe yake, ko an ɗauke wuta da lalube za ki gane. Kuma na tagulla za ki saya, ki ɗaga shi ki ji nauyi don akwai jabu da aka shafa wa ruwan tagulla, shafal yake a hannu, zaren bakinsa, wato inda ake murɗa shi a jikin fayif, yakan tsage tun wajen ɗaurawa. Na roba ya fi araha amma ranar Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu ba ta barin roba a waje, sai ta bushe hannun ya ɓalle.

Girma kuma ya zo daidai da fayif, gindin tanki yawanci inci 1 ne ko 3/4, na cikin ɗaki rabin inci, a kwance tsohon a tafi da shi shago ya fi sauƙi. Tunda mai gyara zai zo, ya sa muku ƙananan makullan ruwa da ake kira angul bawul a ƙasan wurin wanke hannu da bayan tankin masai, gobe in wuri ɗaya ya lalace ba sai an hana kicin ruwa ba. Sannan duk wata a sa yaro ya rufe ya buɗe sau biyu, da hannu dai, ban da filaya.