Sun ce ni ɗan koyo ne, wai sai mai big data

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni a Makka aka haife ni, ina taya kawuna zaman shagon dabino da tasbaha a Misfala, da daddare kuma ina koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, a tsohuwar laftof ɗina wata huɗu kenan. Rannan na nuna wa wasu yayyena da suka yi digirin kwamfuta ɗan abin da na rubuta, wallahi dariya suka yi ta yi, ɗaya ma cewa ya yi wannan ai wasan yara ne, yanzu zamanin big data ne in ba ita ka iya ba ɓata lokaci kake. Tun ranar ban ƙara buɗe laftof ɗin ba. In haƙura ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka haƙura, buɗe ta yau ɗin nan bayan isha'i.

Abin ya ɓata min rai sosai, don su ɗin ma babu wanda aka haifa da kod a hannu, kowa sai da ya kwana yana neman waƙafi ɗaya da ya manta, amma da mutum ya ɗan iya sai ya manta rarrafensa. Dariyar nan ta kori yara da yawa masu kaifin kai, har da mata.

Ita big data ɗin gaskiya ce, ba zan ce maka ƙarya ba ce, tunda Saudiyya ma a 2019 ta kafa hukumar SDAIA musamman don bayanai da ƙirƙirarriyar basira. Amma ma'anarta bayanan da suka fi ƙarfin kwamfuta ɗaya sai an raba wa injuna da yawa, irin na Facebook ko kamfanonin waya. To duba nan, alhazan 2024 sun haura miliyan 1.8, Excel, manhajar nan ta jera bayanai a layi-layi, kam ba zai ɗauke su a shafi ɗaya ba don iyakarsa layi 1,048,576, amma ka zuba sunayensu duka a SQLite, wata 'yar manhajar adana bayanai, tsohuwar laftof ɗin nan taka za ta juya su ba wata matsala. Hajji guda fa! To wane kamfani ne a unguwarku ya fi haka kwastomomi? Yawancin aikin da ake biyan riyal a kai gyaran bayanai ne masu datti, sunan mutum ɗaya an rubuta shi kala uku, wani da Larabci wani da boko, kwanan wata wani hijiriyya wani miladiyya.

Kai kuma ga bayanai a gabanka. Ɗauko littafin cinikin kawu da izininsa, ka shigar da na wata shida, ka koyi SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, tare da Python ɗin, sannan ka tambayi kwamfutar wane dabino ya fi tafiya cikin azumi, ajwa ko sukkari, kuma wane lokaci masu umara suka fi shigowa, bayan asuba ko bayan isha'i. In ka samu amsar ka kai wa kawu kafin ya yi odar kaya, sai ka sake rubuto min in ji me ya ce.