Ina zan samu filin gwamnati na farautar barewar hamada a Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya inda za ka fara farautar barewar hamada mai kunnen alfadari ba tare da ka biya mai fili ba. Ni dai Arizona zan ce maka. Texas kusan duk filayenta na masu zaman kansu ne, amma kudancin Arizona cike yake da filayen BLM, hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya, da dajin gwamnati na Coronado.

Kafin ka zaɓi fili, duba lasisi. Farautar bindiga sai an yi ƙuri'a, ana rufe neman shiga a watan Yuni, kuma kowace takardar izinin farauta tana da yankinta.

Sannan ka nemi ruwa a taswira: madatsai, wuraren shayar da shanu, busassun rafuka masu itatuwa. Nan barewar take. Hau tudu kafin asuba ka zauna da tabarau mai hangen nesa. Sababbin mafarauta sukan yi ta yawo har su kore ta. Kada ka kafa tanti kasa da rubu'in mil daga mashaya, doka ta hana.

Wani filin gwamnati kuwa gonakin mutane sun kewaye shi, babu hanyar shiga. Manhajar onX tana nuna iyakoki. Ka kira hukumar namun daji ta Arizona, jami'in yankin ya san inda ruwan saman bana ya sauka.