Tambaya da Amsa: Ajin da nake so ya zame mini nauyi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 11 ina koyar da lissafi. Da ina ɗokin shiga aji, yanzu kuwa da na ji ƙararrawa sai gabana ya faɗi. Makon jiya wani yaro ya sake tambayar abin da na bayyana sau biyu, na daka masa tsawa har ajin ya yi tsit, na fita bayan aji ina hawaye. Takardun jarrabawa sun taru ban yi makin ba, barci kuma ya ƙaurace mini. Lalaci ne ya kama ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Malalaci ba ya zubar da hawaye don ya yi wa yaro tsawa, ki cire wannan daga ranki.

Abin da kika zayyana ya yi kama da gajiyar da aiki ke tarawa har ta ci ƙarfin mutum. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayaninta a kundinta na jerin cututtuka da matsalolin lafiya, wato ICD-11, ba a matsayin cuta ba, sai dai matsalar da ke biyo bayan matsin aiki mai tsawo. Ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin, mutum ya ga kamar bai iya komai ba. Koyarwa kuwa tana da saurin jawo ta, don malami ba ya ajiye fuskarsa. Ko ransa a ɓace yake, idanun yara na kansa.

Ga tambayar da nake yi wa malamai masu irin kukanki: yaya kika kasance a hutun ƙarshen zango? In barci ya dawo, kika yi dariya, kika ji daɗin hira, to matsalar a wurin aiki take. Ki zauna da shugaban makaranta a kan yawan darussanki, ki sa wa makin lokacin tashi, kada jan biro ya bi ki har gado. Ki kuma samu abokiyar aiki ɗaya da za ki iya faɗa wa gaskiya.

In kuwa nauyin ya bi ki cikin hutun, wannan wata magana ce. Baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har mako 2, tare da canjin barci da na cin abinci da yawan zargin kai, alamun ciwon damuwa ne. Yana da magani, ko ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan'adam, ko ƙwayoyi, ko duka biyun. Ƙwayoyin sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, shi ya sa wasu ke watsarwa da wuri, kuskure ne. Ki nemi a duba jininki ma, don ƙarancin jini da matsalar halittar maƙogwaro da ake kira tayirod suna kawo kasala irin wannan.

Wani abu bai jira hutu ba: in tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ki faɗa wa wani na kusa, ku je asibiti a ranar.