Tumatirina yana yaushi da ɗanyen ganye, magani ya ƙi ci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman tumatir a bakin Galma, wajen Dakace. Bana sai in ga tushe lafiya lau da safe, kafin la'asar ya langaɓe, ganyen kuwa kore shar. Mai shagon magani ya ce fangas ne, na yi ta kwarara magani a gindinsa, amma abin sai gaba yake yi. Ko ƙasar ce ta mutu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Ƙasarka ba ta mutu ba, amma ka tsayar da maganin nan yau.

Alamun da ka faɗa sun fi kama da ciwon yaushi na bakteriya, wanda ƙwayar cuta mai suna Ralstonia solanacearum ke kawowa. Ka yanke kara kusa da gindi, ka rataya shi a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ka motsa. In bayan 'yan mintuna ka ga wani farin abu yana zubowa kamar zaren madara, to ita ce. Ta kan shiga ta raunin saiwa, na dashe ko na fartanya ko na tsutsar ƙasa, ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "fangas ne". Duk tsiron da ya sunkuya, sai a miƙo wa manomi mankozeb ko kabendazim, ba a ga gona ba, ba a ga ko kara ɗaya ba. Maganin fangas ba ya kashe bakteriyar da ta riga ta shige cikin jijiya, ko buhu guda ka zuba. Su wa yake samu? Fangas ɗin da ke yi maka aiki kyauta. Akwai maikoraiza, masu maƙalewa a saiwa su jawo wa tsiro fosfarus da ruwa, shi kuma ya biya su da sukari. Akwai Trichoderma, mai tare wa masu cutarwa hanya. Dama ciwon ya riga ya takura su, domin tsiron da ya yi yaushi ya daina aiko da sukari ƙasa, saiwa ta fara ruɓewa, masu cin ruɓaɓɓe da fangas masu cutarwa irin su Fusarium su samu fili. Kabendazim musamman an san yana danne maikoraiza. Ka ga an bar jaki ana dukan taiki, da kuɗinka kuma. Har na ji masu cewa a fasa kafso na mutane a zuba a tankin feshi. Don Allah a bari. Tumatir ba zai tashi ba, sai dai a koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin da 'ya'yanmu ke sha.

Tushen da ya kamu ba ya warkewa. Ka tuge shi da ƙasar gindinsa, ka fitar daga gona ka ƙone. Kada ruwan kwamin da ya kamu ya gangara zuwa na ƙasa, ka kuma riƙa wanke fartanya. Wurin ya huta da tumatir, tattasai, attaruhu, yalo da dankalin Turawa na aƙalla shekara 3. Ka sa masara ko dawa, da takin gargajiya da ya ruɓe sosai.

In gilashin bai nuna komai ba, ka ɗauki tushe guda da saiwarsa ka kai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru a duba maka, kafin ka sake sayen ko ƙulli ɗaya.