Tambaya da Amsa: Ni kaɗai ce zan riƙa wanke tukwanen coci?

TAMBAYA: Salama Mama. Ni matar aure ce da yara huɗu, ina cikin zumuntar mata a cocinmu. Duk wani taro, biki ne ko rasuwa ko na ƙarshen shekara, ni da wasu mata biyu ne a bakin murhu tun asuba, mu yi girki mu wanke tukwane, wasu kuwa sai an gama komai su shigo da anko su zauna a gaba. Ran da na ce na gaji sai wata babba a cikinmu ta ce ba ni da tawali'u, wai ai Yesu ma ya wanke ƙafafun almajiransa. Maganar nan ta tsaya min a rai. Zunubi ne in ce a raba aikin? (Wata 'yar'uwa daga Kafanchan)

AMSA: Sannu da ƙoƙari 'yata, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. Ba zunubi ba ne ko kaɗan.

Tunda Yohanna sura 13 aka jefo miki, to mu buɗe wurin mu gani. Kafin Yesu ya taɓa ruwan nan sai da Yohanna ya faɗa mana cewa Yesu ya san Uba ya sa komai a hannunsa, ya san daga wurin Allah ya fito kuma can zai koma, sannan fa ya tashi daga cin abinci ya tuɓe mayafinsa ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙafafun da suka wuni cikin ƙura da buɗaɗɗen takalmi, har da na Yahuza wanda zai bashe shi a daren. Aikin bawa ne wannan a lokacinsu, shi ya sa Bitrus ya ce sam ba za a yi haka da shi ba. Ki lura wa ya durƙusa, babban cikinsu ne, kuma ba wanda ya tilasta shi. Da ya gama sai ya ce su ma su riƙa yi wa juna. Saboda haka ayar nan babbar taku ta fara kamawa kafin ta iso kanki. A Markus 10 ma da Yakubu da Yohanna suka nemi kujerun dama da hagun Yesu, abin da ya ce wa almajiran shi ne mai son girma a cikinsu ya zama baran sauran.

Gaskiya abin yana min ciwo yadda muke ɗaukar wa'azin tawali'u mu miƙa wa talaka da gwauruwa da matar da ba ta iya musu, masu hali kuma a bar su da riƙe makirufo.

Kuma kai kuka ba girman kai ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6 an yi gunaguni a ikkilisiyar Urushalima don ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni ba su ce kowa ya yi shiru ba, taro suka kira aka zaɓi mutum 7 aka danƙa musu aikin, cikinsu har da Istifanus da Filibus. Ki samu shugabar zumunta ke da ita, ba a guruf ɗin WhatsApp ba don Allah, ki ce a raba mata rukuni-rukuni a rubuta wa ke da girki wane taro, a sa matasa maza ɗebo ruwa da faskare. Amma ki bincika zuciyarki ma, in zaman gaban nan ne ke cin ranki ki kai shi ga addu'a, kada kuma ki yi fushi ki ajiye ludayin gaba ɗaya.

TAMBAYA: Mama, na ga wasu coci suna wanke ƙafa da gaske, mu ba ma yi. Mun kauce ne? (Wani matashi daga Mubi)

AMSA: Ba ku kauce ba ɗana. Tunda a Mubi kake ƙila 'yan EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) ka gani, ikkilisiyar da ta faro daga Garkida a 1923, su sun riƙe wanke ƙafa tare da Jibin Ubangiji. Katolika kuma ran Alhamis ɗin da ke kafin Ista suke yi, a 2013 ma Paparoma Francis gidan yarin yara ya je a Roma ya wanke ƙafafun matasa 12, har da 'yan mata biyu, kuma akwai Musulmi a cikinsu. Wasu ikkilisiyoyi da yawa sun ɗauke shi a matsayin misali ne na hidima ba farilla ba. In kana so ka gani da idonka, ka tambayi fastonka ka je ka halarci nasu sau ɗaya, ba za su hana ka zama ba.