Shin Cutar Graves Na Iya Haɗuwa da Ciwon Dajin Maƙoƙo?

Tambaya: Likita, ina shan maganin carbimazole saboda cutar Graves, sai hoton wuya ya nuna wani ƙulli a cikin maƙoƙon. Ashe cutar da ke sa tairod (ƙwayar da ke gaban wuya, mai samar da sinadarin daidaita aikin jiki) yin aiki fiye da kima tana iya zuwa tare da daji?

Amsa: Malama, tana iya zuwa, ko da yake yawancin irin waɗannan ƙulle-ƙulle ba daji ba ne. A cutar Graves, garkuwar jiki ce ke ƙera ƙwayoyin da ke tunzura tairod, shi ya sa ake fama da bugun zuciya, zufa, rawar hannu da rama. A da an ɗauka cewa tairod mai yawan aiki ba ya kamuwa da daji, amma likitocin tiyata sun sha gano shi bayan an cire ƙwayar tairod ɗin, kuma mafi yawansa nau'in papilari ne, wanda ke girma a hankali kuma yakan warke.

Abin da ya dace shi ne a ɗebi ƙwayoyin ƙullin da siririyar allura a duba, musamman idan yana da tauri, ko yana girma, ko murya ta dushe. Idan an tabbatar da daji, ana fara daidaita sinadarin tairod da magani kafin a cire ƙwayar gaba ɗaya, sannan a riƙa shan levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin tairod, har abada. Kada ki daina carbimazole ba da umarnin likitanki ba.